Tambayoyinku: Ina Pen Cinema, ina Bar Beach? Tsoffin mazauna Ikko na cigiya

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon saƙonnin da suka fi yawa daga mutanenmu ne da suka taɓa zaman Legas suka dawo gida, kowa na tambayar wani wuri da ya sani da ƙuruciya, ko yana nan ko ya tafi. Na haɗa su wuri ɗaya, na rage tsawon wasu, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni dattijo ne yanzu ina zaune a Funtuwa, amma samartakata duk a Agege na yi ta wajen kawuna mai fataucin goro. Lokacin in mun gama ɗaurin huhu da yamma sai mu watsa ruwa mu shafa mai mu nufi Pen Cinema ko Danjuma, yau Indiya gobe Chanis, wani fim ɗin sai mun maimaita shi har mun haddace waƙoƙin alhali ko kalma ɗaya ba ma ji. Rabona da Ikko tun mulkin Shagari. To jikana da ke Mile 12 ya zo hutun sallah yake ce min wai yanzu Pen Cinema gada ce, ni dai ban gane ba, ta yaya silima za ta koma gada? Daga wani dattijo, Funtuwa.

AMSA: Baba Allah ya ƙara girma, jikanka gaskiya ya faɗa maka. Silimar ta daɗe da daina nuna fim, amma sunan ya manne wa wurin, ya zama sunan mahaɗar nan da kowa ya sani kusa da layin dogo, inda go-sulo ke riƙe mutane awa da awanni musamman in jirgi zai wuce aka rufe get. Saboda wannan cunkoson ne gwamnatin jihar Legas ta yi gadar sama a wajen, an fara ta zamanin gwamna Ambode, gwamna Sanwo-Olu ya buɗe ta a watan Maris na 2021, tsawonta kilomita 1.4, kuma sunan da ake kiranta dashi shi ne gadar Pen Cinema. Yau in ka tsaya a tasha zaka ji kwandastan motar danfo na ta ihun Pen Cinema Pen Cinema, yaron nan ko a mafarki bai taɓa ganin tagar sayar da tikitin wurin ba. Danjuma ma haka, yawancin matasa a kwatance suka san sunan.

Kuma ba Agege kaɗai abin ya shafa ba Baba. In ka tuna Legas ɗin da ka bari cike take da gidajen silima, akwai Casino a Yaba, Odeon a Ebute Metta, Roxy a Apapa, Super a Surulere, Rainbow da Jebako wajen Mushin, ga Sheila da Plaza can cikin tsibiri. Harkar ma tsohuwa ce a garin, don fim na farko da aka fara haskawa a Najeriya a Glover Hall aka yi shi cikin Legas tun 1903. Yanzu kusan duk waɗancan sun mutu, wasu an mayar coci, wasu sito, wasu an yanka su shaguna, wasu an rushe gaba ɗaya.

Abin da ya kashe su ba abu ɗaya bane, a hankali aka yi ta cin su. Da farko yawancin masu gidajen da masu shigo da finafinan Kwarori ne da Indiyawa, sai gwamnatin Gowon ta yi dokar 1972 da ta ce irin waɗannan sana'o'in su koma hannun 'yan ƙasa, aka sayar, to wasu da suka saya suna da kuɗin sayen gini amma ba su da hanyar da ake bi fim ya zo daga Bombay ko Hong Kong a kan lokaci. Duk da haka an ci gaba da lallaɓawa tunda lokacin akwai kuɗin mai, naira na da daraja. Bugun da ya kai su ƙasa shi ne tsarin tsuke bakin aljihu na SAP da Babangida ya kawo a 1986, naira ta faɗi warwas, faifan fim kuma da kuɗin waje ake sayo shi, ga kayan gyaran na'ura suma daga waje, ga NEPA ba tabbas dole sai janareta, shi kuma mai kallon albashinsa ya zama ba ya kai shi ƙarshen wata balle ya ware na silima. Ana cikin haka sai ga bidiyo da kaset sun cika gari, kowace unguwa da shagon haya, ka biya kaɗan ka kai gida kai da matarka da yara da maƙwabta duk ku kalla, sannan fashi da makami ya sa mutane tsoron dawowa gida ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Mai gini ya duba yaga fasto zai biya shi hayar shekara a dunƙule, shi kuma fim wata rana benci ashirin ne kawai da mutane, ai ka san abin da zai zaɓa. Ko a Kano ma labarin su Plaza da Orion da Marhaba bai yi nisa da wannan ba.

Ni abin da na fi jin zafin rashinsa a irin silimarku ta da shi ne hayaniyar nan. Kana zaune a bencin gaba wuyanka a ɗage, hasken na'ura ya ratso ta saman kai kana ganin hayaƙin taba na yawo a cikinsa, akta ya shigo a daidai lokacin da bos zai yi aika-aika sai gaba ɗaya ɗakin ya miƙe da fito da tafi, Bahaushe da Bayarabe da Inyamuri duk bakinsu ɗaya. In faifai ya tsinke ko mai na'ura ya tsallake wata waƙa don a tashi da wuri, to ranar sai ya sha zagi da yare uku. An dawo da silima Legas daga baya, Silverbird ta buɗe a Victoria Island a 2004 wasu suka biyo baya, akwai sanyin esi da kujera mai laushi, amma suna cikin manyan kantuna ne kuma kuɗin tikiti da gugguru kaɗai ya fi abin da ɗan dako ke samu a yini. Yaro mai ɗaurin huhun goro irinka na wancan lokacin, yau ko ƙofar ba zai tunkara ba.

TAMBAYA: Malam ina yini. Ni 'yar bariki ce, mahaifinmu soja ne Allah ya jiƙansa, a Obalende muka tashi har sai da aka mayar da gwamnati Abuja muka dawo Kaduna. Duk sallah, washegari, Baba zai kwashe mu da ƙannena da kular tuwo da soyayyen nama mu tafi Bar Beach, mu shimfiɗa tabarma, a ɗora mu kan doki a ɗauke mu hoto, masu dokin ma 'yan arewa ne har Baba na tsayawa su gaisa. Ina tuna masu fararen riguna suna ta kaɗa ƙararrawa suna addu'arsu a gefe, mu kuma muna tsere da ruwa in ya taho. Har yau ina da hoton. Ɗana ya je Legas aiki nace ya je ya ɗauko min hoton wurin, ya dawo yace Umma babu wani Bar Beach, gine-gine ne. Don Allah teku ce ta cinye ko sayarwa aka yi? Daga wata uwa, Kaduna.

AMSA: Hajiya sannu, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Amsar ita ce duka biyun, teku ta fara ci, ragowar kuma aka cike da yashi aka yi sabon gari a kai. Amma ita ma tekun ba haka kawai ta tashi da faɗa ba, hannun mutum ne ya jawo, kuma abin ya girme mu duka.

Da can bakin mashigar Legas yashi ne ke toshe shi, manyan jiragen ruwa ba sa iya shigowa sai su tsaya a waje a yi ta jigila da ƙanana. To Turawan mulkin mallaka daga wajen 1908 suka fara zuba manyan duwatsu suka ja dogayen katangu suka shiga cikin teku ta gabas da yammacin mashigar, don hanya ta zauna a buɗe jirgi ya wuce har ciki. Aikin ya yi amfani, shi ya sa Apapa ta zama Apapa. Sai dai a wannan gaɓar tamu ruwa yana tafiya da yashi ne daga yamma zuwa gabas, kullum dare da rana, yana kwashewa a nan yana ajiyewa a can. Da katangar ta tsaya a hanya sai ya zama kamar an tare kwata a tsakiyar layi, na sama ya cika ya tumbatsa na ƙasa ya bushe. Yashi ya taru ta ɓangaren yamma, Bar Beach da ke gabas kuma ruwa na ta ɗiba ba a kawo mata sabo. Tun ƙarshen shekarun 1950 gwamnati ke biyan kuɗi ana zuƙo yashi daga teku ana zubawa, a yi shekara kaɗan ruwa ya sake lashewa, a sake bada kwangila, haka aka yi ta yi. Watau ko lokacin da kuke shimfiɗa tabarmar nan Hajiya, wani yashin da kuke zaune a kai na ciko ne.

Zuwa farkon shekarun 2000 abin ya ƙazanta, ruwa ya riƙa tsallakowa ya hau titin Ahmadu Bello ya shiga gine-ginen da ke kallon teku, har da ofisoshin da jihohi suka gina a jere a wajen lokacin Legas na babban birni, wasu aka bar su ba kowa. Daga nan ne gwamnatin Legas ta yi yarjejeniya da kamfanin South Energyx na rukunin Chagoury, su tare teku su cike wurin su yi gari, shi ne Eko Atlantic. An soma cikon wajen 2008, an ja wata katuwar katanga da aka tsara za ta kai kilomita 8.5, an jera mata curin kankare masu nauyin tan biyar-biyar, a watan Fabrairu na 2013 aka yi babban biki a wurin da shugaba Jonathan da gwamna Fashola da tsohon shugaban Amurka Bill Clinton. Yanzu akwai tituna da dogayen benaye, Amurka ma a can ta aza harsashin sabon ƙaramin ofishin jakadancinta a 2022. Daidai inda dokin nan ya tsaya aka ɗauke ki hoto, yau ƙasa ce mai tsada da get da masu gadi, tekun kuma an tura ta can nesa.

In za a faɗi gaskiya katangar ta yi aikinta, Victoria Island ta samu sauƙin ambaliyar da ke shigowa ta wannan gefen, wannan ba mai musu. Mazauna ƙauyukan gabas wajen Lekki kuma suna kukan cewa ruwan da aka kora a nan su yake ci yanzu. Ni kuma abin da ya tsaya min a rai daban ne. Bar Beach wuri ne da ba a tambayarka kai waye. Kurtun soja da 'ya'yansa, mai gadi, ɗan kasuwar Balogun, babban sakatare, baƙon da ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Iddo jiya bai taɓa ganin ruwan da ba a hango ƙarshensa ba, duk yashi ɗaya suke takawa, in kana da kuɗin mota ka isa shikenan. Da aka zo yin sabon gari mai faɗin miliyoyin murabba'in mita, ai da an so da an bar wa jama'a ko da ɗan tsiri ne a bakin ruwa, a ce wannan na kowa ne a shiga kyauta. Ba a yi ba. Kuramo, wata gaɓar teku da ke maƙwabtaka, ita ma bayan igiyar ruwa ta tafi da mutane a watan Agusta na 2012 aka rushe rumfunan aka kori kowa. Ki adana hoton nan da kyau Hajiya, ki sa ɗanki ya ɗauke shi a waya ya tura wa ƙannenki, ki kuma rubuta shekarar a bayansa.

TAMBAYA: Yallaɓai ni ɗalibi ne a Zariya. Babanmu ya taɓa ce mana wai a wannan Bar Beach ɗin ake harbe ɓarayi a gaban jama'a, har yace shi ma ya taɓa zuwa kallo sau ɗaya bai ƙara ba. Ni na ɗauka irin labarin nan ne na tsoratar da yara. Da gaske ne?

AMSA: Ƙanena da gaske ne, babanku bai ƙara gishiri ba. Bayan an gama yaƙin basasa a 1970 makamai sun bazu a hannun mutane, fashi ya yi yawa, gwamnatin Gowon ta kafa doka a shekarar cewa wanda aka kama da fashi da makami hukuncinsa kisa ne, kuma a bainar jama'a don ya zama izina. A Legas Bar Beach aka zaɓa, aka fara a 1971. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Ishola Oyenusi da ake wa laƙabi da Dokta, an harbe shi da mutanensa ranar 8 ga Satumba 1971, dubban mutane suka je kallo. Ana kafa turaku a cikin yashi, a jera durom-durom cike da ƙasa a bayansu don su tare harsashi, a ɗaure mutum, limami ko fada ya matsa ya yi masa magana ta ƙarshe, sannan sojoji su jeru. Jaridu na bugawa da hotuna, talabijin na nunawa. A 1976 ma bayan kisan Janar Murtala, cikin waɗanda aka yanke wa hukunci an harbe wasu a nan, wasu a gidan yarin Kirikiri.

Na ji daɗi da kace babanku bai ƙara zuwa ba, don da yawa daga cikin waɗanda suka je sun ce abin ya daɗe yana dawo musu. Mutane na zuwa da yara a kafaɗa, masu talla na sayar da ruwa da gyaɗa, an mayar da fitar ran ɗan Adam abin kallo, kuma fashin bai tsaya ba, sai ma gaba da ya yi a shekarun da suka biyo. Duk mai baka labarin daɗin Bar Beach in bai haɗa da wannan ba to rabi ya baka. Ka koma ka zauna da babanku ka tambaye shi a natse, me ya kai shi Legas, a ina ya sauka, wa ya riƙe shi, zaka ji abubuwan da babu su a littafin makarantarku.

TAMBAYA: Malam ni tsohon direban tirela ne, Kano zuwa Apapa. Ina National Theatre mai kama da hular soja, da filin ƙwallo na Surulere? A can na kalli wasan da muka ci kofi. Daga Ɗambatta.

AMSA: Alhaji su biyun suna nan a tsaye. Ginin National Theatre da ke Iganmu an gama shi a 1976 saboda bikin al'adun baƙar fata na FESTAC na 1977, wani kamfanin Bulgeriya ne ya gina, babban ɗakinsa a lokacin na ɗaukar mutum 5,000, kuma a can su Hubert Ogunde da Baba Sala suka riƙa nuna finafinansu ana layi har waje. Ya lalace sosai daga baya, rufi na yoyo, sai Babban Banki da sauran bankuna suka haɗa kuɗi suka gyara shi, a 2024 aka sa masa sunan Wole Soyinka. Filin Surulere kuwa da aka gina a 1972, in wasan 1980 kake nufi, ranar 22 ga Maris ne muka ci Aljeriya 3 da nema, Odegbami biyu Muda Lawal ɗaya, Shagari na zaune a wurin. Tun da aka buɗe na Abuja a 2003 aka juya masa baya, shekara da shekaru kujeru na ruɓewa ciyawa na fitowa, harabar ce kawai ke da rai da masu motsa jiki da masu sayar da abinci.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ban ga dalilin da zai sa mujallar Hausa ta ɓata shafi tana kukan gidajen silima da bakin ruwa ba. Wuraren nan ai matattarar shaye-shaye ne da cakuɗar maza da mata, yaran mutane nawa suka lalace a can. In Allah ya kawar da su sai mu gode masa. Daga wani malamin Islamiyya, Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah gafarta Malam, na gode da ka faɗi abin da ke ranka kai tsaye, kuma maganarka akwai gaskiya a ciki ba zan ɓoye ba. Ƙofar silima wurin 'yan sane ce da 'yan wiwi, a arewa ma ai an daɗe in aka ce wa yaro ɗan silima to ba yabo bane, mace kuwa in aka ganta a can an gama da sunanta. Bar Beach da dare ba wurin mutumin kirki bane, Kuramo ta ma fi. Gidajen rawa irin su Kakadu a Yaba da Caban Bamboo na Bobby Benson da Shrine ɗin Fela, tarihin kiɗan Najeriya ba ya cika sai da su, amma giya ake sha a ciki, kuma ban ce kowa ya yi kewarsu ba. Akwai waɗanda suka tafi Ikko neman kuɗi irin wuraren nan suka cinye su, ba su dawo da komai ba, wasu ma ba su dawo ba.

Inda na saɓa da kai Malam shi ne, rushewar wuraren bata kawar da ɓarnar ba. Mai son shan giya a Legas yau ya fi na da samun wuri, abin da yaro ke gani a wayarsa a cikin ɗakin uwarsa ya fi abin da Pen Cinema ta taɓa haskawa muni nesa ba kusa ba. Wanda ya yi asara shi ne irin mahaifin Hajiyar Kaduna da ke sama, mutum mai ƙaramin albashi da ke son ranar sallah ya fitar da iyalinsa su sha iska su ga teku, su ci abincin da suka dafo daga gida, ya dawo dasu kafin magariba. Teku halittar Allah ce, da yawa cikin mutanenmu ranar da suka fara tsayawa gabanta tasbihi ne ya fara fita daga bakinsu. Wannan mutumin shi aka rufe wa ƙofa, mai kuɗi kuwa da halal ɗinsa da haram ɗinsa duk yana da inda zai je.

Sannan akwai maganar tarihi. Hausawa sun fi shekara ɗari a Agege da cikin Legas, da goro da shanu da aikin soja da gadi da canji, akwai zuri'ar da aka haifa a can kakanninsu ma a can aka binne su. Amma in ana bada labarin tsohuwar Legas a jarida ko talabijin da wuya ka ji an ambaci mai dokin Bar Beach ko mai tsiren Obalende ko yaran Zangon Agege da suka cika bencin gaba. In mu bamu tambayi dattawanmu mun rubuta ba, da mai kyan da mara kyan, ba wanda zai yi mana. Shi ya sa na ba wa waɗannan saƙonnin shafi, kuma naka ma na sa shi a ciki.

TAMBAYA: Malam mu muna Legas ɗin har yanzu, Idi-Araba. Yara sun dame ni sai na kai su bakin teku da sallah. Tunda Bar Beach babu, ina za mu je? Daga wata matar aure.

AMSA: 'Yar'uwa akwai wurare amma ki shirya kuɗin shiga, don kusan duk na kusa yanzu a hannun masu zaman kansu suke. Akwai irin su Elegushi ta hanyar Lekki, ana biya a get, a ciki ma rumfa da kujera da ajiye mota kowanne da kuɗinsa, kuma ki tambaya tun a ƙofa ko suna bari a shiga da abincin gida don wasu ba sa yarda. Landmark da mutane suka saba zuwa an rushe ɓangaren bakin ruwanta a watan Afrilu na 2024 saboda sabon titin Legas zuwa Kalaba. In kuna da hali ku yi sammako ku tafi Badagry, akwai nisa da go-sulo amma wurin ya fi faɗi da natsuwa. Tarkwa Bay kuma sai da kwalekwale, ruwanta ya fi kwanciya saboda tana cikin kariyar katangar nan ta mashiga.

Ku je da safe ku baro kafin la'asar, don da yamma ne kiɗa da 'yan shaye-shaye ke cika wurin, ranar sallah da washegari kuma cunkoso ya fi yawa, in za ki iya ki bari sai rana ta uku. Abu mafi muhimmanci, tekun Legas tana da ja ta ƙasa, zaki ga ruwa iya gwiwa amma in ya koma sai ya kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafa, babba ma yana faɗuwa balle yaro, kuma da damina ta fi haushi. Kar yaro ya wuce inda ruwa ke taɓa idon sawu, hannunsa na cikin na babba, kowane babba a bashi yaran da zai sa wa ido tun daga gida. In kwalekwale zaku hau kar ki yarda kowa ya zauna sai an bashi rigar kariya ya ɗaura, har jinjirin, in direban yace babu ku jira na gaba.